Suna Huɗu a Wata Bakwai

Zurmi, 6 ga Yuni, 2005

Ɗiyata Muhsina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wagga takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Kamaluddeen da 'yarku Halima. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka, sai dai gwiwar Innarki Mariya da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗu.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, don rabon da mu gaisa tun ranar ɗaurin aurenki a Katuru. Zumunci ya yi nisa amma bai tsinke ba. Kakata da kakar mahaifiyarki Saude ciki ɗaya sunka fito, da wanga nake ƙwanƙwasa ƙofarki.

Wataƙila kin ji cewa tun bara anka ɗauke ni daga aji, anka kai ni sabon ofishin da ke kula da makarantun Islamiyya na yankinmu. Ni ne magatakarda. Aikin da ke hannuna shi ne in shigar da sunayen malamanmu tamanin da uku cikin kwamfuta, kowa da makarantarsa da takardun karatunsa da shekarun da ya yi yana koyarwa, don gwamnati ta san da su ta ba su takardar kama aiki. An ba ni laftof saboda haka. To na'urar nauyi gare ta ƙwarai. Wata bakwai ke nan aikin bai tafi ba.

Shugabanmu, Alhaji Namadi, ya nuna ta ga wani baƙo daga Gusau, shi kuma ya ce furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, ita ce ƙarama, a sa mata babba. Alhaji ya ce in nemo mai yi. An gaya mani ke ce ke gyara a shagonku na Kaura, har maza na kawo maki abin da ya gagare su.

Ban manta abin da na faɗa a zauren mahaifinki ba lokacin da za ki tafi karatun kwamfuta, cewa tafireta ce anka sake wa suna, kuma ba a sayar da bijimin sa don a koya wa ɗiya buga tafireta. Baki shi ke yanka wuya. Ki yi haƙuri da ni.

Ban kira ki a waya ba, don rumfar mai wayar nan kullum cike take da kunnuwa. Direban da ya ba ki takarda shi zai miƙa maki na'urar, na naɗe ta da darduma.

Kawunki,
Sanda

Kaura Namoda, 11 ga Yuni, 2005

Kawu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso, na'ura ma ta iso lafiya da dardumarta. Muna lafiya gaba ɗaya. Halima ta fara tafiya, yanzu ba abin da ke tsira a ƙasa. Baban Halima yana gaishe ka da Inna Mariya, Allah ya ba ta sauƙi.

Maganar da ka tuno ta wuce, Kawu. Na yi kuka a ranar, ba zan ɓoye ba, amma Baba, Allah ya jiƙansa, ya sayar da san duk da haka, ni kuma na yi karatun. Don Allah kar ka sake kawo ta.

Jiya na kwance na'urar. Abin da na fara dubawa shi ne ko furosesar a liƙe take da dalma a jikin allon ciki, don in haka ne ba a cire ta sai an kashe na'urar. An yi sa'a, taka a mazauni take, ana juya ɗan sukuru a ɗago ta. Za a iya sauyawa in an samu wadda ƙafafunta suka dace.

Amma bari in faɗa maka gaskiya kafin a sha wahala. Rubuta sunaye da jera su ba aiki ne mai nauyi ga kwamfuta ba. Wadda ke ciki, duk da ƙanƙantarta, ta isa. Na kunna, ta ɗauki kamar minti uku kafin ta gama buɗewa. Jinkiri ne, amma ba irin na wata bakwai ba. Fankarta ta toshe da ƙura da ƙaiƙayi, na share, zafinta ya ragu.

Don haka ka taimake ni da amsa. A ina take yi maka nauyi? Wajen kunnawa ne, ko harafi ke jinkirin fitowa in kana rubutu, ko in za ka adana aiki? Ko ɗaukewa take yi gaba ɗaya? In na san wannan zan san abin da zan nema. Ban buɗe ayyukanka ba, don amanar ofis ce.

Ɗiyarka,
Muhsina

Zurmi, 17 ga Yuni, 2005

Muhsina,

Assalamu alaikum. Mun gode Allah da lafiyarku, mu ma muna lafiya.

Na karanta tambayoyinki. Ko'ina nauyi take yi, ban san yadda zan rarrabe maki ba. Ni ke zaune da ita kullum, kuma mutumin Gusau da ya duba ta ba yaro ba ne. In aikin ba zai yiwu a wurinki ba, ko akwai abin da ke hana ki yi, ki faɗa mani kai tsaye in nemi wani a Gusau, ba zan ga laifinki ba.

Ki san halin da nake ciki. Sauran yankuna sun miƙa nasu. Alhaji Namadi ya rubuta wa na sama cewa na'urarmu na wurin gyara, sunka ɗaga muna ƙafa zuwa 15 ga Satumba, ranar da za a yi taron shiyya a Shinkafi. Wanda sunansa bai shiga ba a ranar sai wata shekara. Akwai wani Malam Tsoho na Dauran, shekara goma sha tara yana karantar da yara a rumfar kara. Duk mako sai ya tako kekensa ya zo ya tambaye ni ko sunansa ya shiga.

Ki sauya furosesar kawai, kamar yadda anka ce.

Sanda

Kaura Namoda, 9 ga Yuli, 2005

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma an gama noman farko lafiya. Halima ta yi zazzaɓin haƙori kwana uku, amma ta warware.

Ka gafarce ni in tambayoyina sun ɓata maka rai. Haka nake yi wa duk wanda ya kawo gyara. Ba ƙin aikin nake yi ba, ga shi ma na gama.

Abin da ya jawo jinkiri, wadda aka fara aiko mani daga Kano ƙafafunta ba su dace da mazaunin ba, sai da na mayar. Ta biyu an ciro ta ne daga wata laftof da gilashinta ya fashe, lafiyarta ƙalau, kuma ta kusa ninka taka gudu.

Bari in ba ka labarin aikin, ko Alhaji zai tambaya. Na cire batir, na ɗage madannai, na kwance fanka da jan ƙarfen da ke shanye zafi. A ƙarƙashinsa furosesar take, faɗinta bai kai na akwatin ashana ba, amma ƙafafunta ɗaruruwa ne, sirara kamar gashin ido. Ɗaya ta lanƙwashe, an yi asara. Akwai alama a kusurwa ɗaya, da ita ake daidaitawa, kuma ba a dannawa. In ta dace ita ke faɗawa da kanta. Na kulle mazaunin, na ɗiga mata man da ke kai zafi ga ƙarfen, kwatankwacin ƙwayar dawa, na mayar da komai.

Da na kunna, gilashi ya tsaya baƙi ƙirin. Kawu, na ce shi ke nan na kashe kayan gwamnati da na kawuna. Baban Halima ya ce in sha ruwa tukuna. Na sake kwancewa, ashe sukurun mazaunin ne ban juya shi har ƙarshe ba. Na gyara, ta tashi. Na bar ta a kunne wuni guda don in ga zafinta, bai wuce ƙa'ida ba. Yanzu kafin ka gyara zama ta buɗe.

Na'urar ba ta da sauran uzuri, Kawu.

Tsohuwar furosesar tana cikin ambulan a aljihun jaka, ka mayar wa ofis. Mako mai zuwa zan leƙa Katuru in gaida Inna mahaifiyata.

Ɗiyarka,
Muhsina

Kaura Namoda, 2 ga Agusta, 2005

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Sati uku ke nan ban ji daga gare ka ba. Na je tasha na tambayi direban, ya ce hannu da hannu ya ba ka, har ka yi masa addu'a. Ko na'urar ta ba da matsala ne? In ta yi zafi ko ta ɗauke, kar ka bari wani ya buɗe ta, ka dawo mani da ita. Ko kuwa jikin Inna Mariya ne? Ko layi ɗaya ne ka rubuto, hankalina ya kwanta.

Muhsina

Zurmi, 14 ga Agusta, 2005

Muhsina,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Na'ura ta iso, tana aiki yadda kika ce. Na gode.

Ban yi niyyar rubuto wagga takarda ba, amma gara ki ji daga gare ni. Shekaranjiya na je Katuru sunan jikan Zubairu. Kin san shi taubashina ne, ba ya raga mani ko a makabarta. Muna zaune a ƙofar gida, mutum ya fi ashirin, har da malamai biyu da sunayensu ke hannuna. Ana raba goro sai ya ɗaga murya ya ce:

"Malam Sanda, an ce kwamfutarka suna huɗu ta haifa a wata bakwai. Ai ko tunkiyata ta fi ta ƙoƙari."

Mutane sunka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba. Malaman nan biyu ba su yi ba. Ban tsaya cin abinci ba, na ce hadari na tafe.

Ba wanda ya taɓa buɗe na'urar nan sai ni, sai ke. Da hannunki kika rubuta cewa ba ki buɗe ayyukana ba don amana ce. Kuma tun ranar da takardarki ta zo nake juya layin nan, wai na'urar ba ta da sauran uzuri. Na ce wa kaina yarinya ce ke murnar aikinta. Yanzu na gane da wa kike.

In ramuwar maganar da na yi a zauren mahaifinki ce, kin rama, kuma ni na fara. Amma da kin faɗa mani a takarda, ko ki zo ki faɗa mani a gaban Mariya, da ya fi mani sauƙi bisa ga in ji shi a bakin Zubairu, goro a hannuna.

Sanda

Kaura Namoda, 17 ga Agusta, 2005

Kawu,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan fara gaisuwa ba. Tun jiya da takardarka ta zo ban buɗe shago ba.

Ni ce, Kawu. Ba zan ɗora wa kowa ba.

Lokacin da na rubuta cewa ban buɗe ayyukanka ba, gaskiya ce. Amma ranar da na gama sauya furosesar, na shiga wurin rubutu don in gwada gudunta, sai ta jero mani sunayen ayyukan da aka yi a baya. Ya kamata in tsaya nan. Ban tsaya ba. Na buɗe ɗaya, na ga harafi guda ya cika layi uku. Na buɗe na biyu, haka. Sun fi arba'in. A guda ɗaya ne kawai na ga sunaye huɗu, na farkon Malam Tsoho Dauran. Nan na gane abin da ya hana ka amsa tambayoyina.

Na rasa yadda ɗiya ke gaya wa kawunta irin wannan. Da na je Katuru na gaya wa Inna, don ta ba ni shawarar ta inda zan ɓullo maka. Matar Kawu Zubairu tana tsakar gida tana tsince wake, na gan ta, kuma ban rage murya ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Na tambayi kaina dalili, ban sami amsar da zan so ba.

Layin nan na uzuri, ina faɗa wa masu kawo gyara haka in aiki ya yi kyau. Amma na riga na ga abin da na gani kafin in rubuta shi, don haka ba zan rantse cewa babu ƙaya a ciki ba. Na ce maka tsohuwar magana ta wuce, ashe da saura a raina ban sani ba. Ka ba ni amanar ofis da ta kanka, na ci duka biyu. Inna ta ce ba za ta iya haɗa ido da kai ba, ni kuma ban san da wace fuska zan shigo Zurmi ba.

Ka yafe mani don Allah. In ba ka iya yanzu ba, zan jira.

Amma saura ƙasa da wata guda taron Shinkafi. In kana da sunayen a takarda, ka aiko mani. Kwana biyu sun ishe ni in buga su, in sa a na'urar, in fitar maka a takarda. Ba wanda zai ji, ko Baban Halima sai in ka yarda. Ka kai a matsayin aikinka.

Ɗiyarka mai laifi,
Muhsina

Zurmi, 29 ga Agusta, 2005

Ɗiyata Muhsina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, gero ya fara fitar da kai. Na yafe maki, duniya da lahira. Ki gaya wa Saude ta daina ɓoye fuska. Kin yi kuskure, amma abin da kika faɗa ba ƙarya ba ne. Mai ƙaryar ni ne, kuma ke ce ta farko da zan gaya wa yadda anka yi.

Da za a buɗe ofishin nan an ce sai mai takardar kwamfuta. Na je Gusau kwas na mako biyu. Mu arba'in ne, na'ura shida. Samari sunka mamaye su, ni kuwa da furfurata na ji nauyin in yi ta cewa a maimaita. Ranar ƙarshe kowa anka ba shi takarda. Da anka tambaye ni a wurin ɗaukar aiki ko na iya, ban ce i ba, ban ce a'a ba, na miƙa takardar. Na ɗauka in na zauna da na'urar zan gane, tunda na koyi nahawu mai wuya.

Sai in kulle ƙofar ofis in zauna. In taɓa harafi, ya ruga ya cika layi. Ban san yadda ake gogewa ba, sai in buɗe sabon shafi. Sunayen nan huɗu mako guda sunka ɗauke ni, kuma ban san ta inda na bi ba balle in sake bi. Wata rana Alhaji Namadi ya shigo ya tambayi yadda aiki ke tafiya. Bakina ya riga ni, na ce na'urar nauyi gare ta. Daga ranar kullum sai na ƙara wa maganar wani tubali. Har da na aiko maki ita, a raina fata nake ki ce ba ta gyaruwa.

Mako biyu da sunka wuce Malam Tsoho ya zo. Ya ji an gyara, ya ce yana son ya ga sunansa a gilashi ko sau ɗaya. Na kunna. Kafin in shirya abin da zan ce masa ta gama buɗewa. Na dube ta, ya dube ni. Na ce masa batir ya yi ƙasa. Ya ɗaga hannu ya yi mani addu'a mai tsawo, wai Allah ya saka mani da wahalar da nake sha a kansu. Muhsina, shekara ashirin da bakwai ina koya wa yara cewa munafuki in ya yi magana sai ya yi ƙarya. Na amsa amin.

Ga rajista nan na ba direba. Tun watan farko na gama ta da hannu, na bi makarantu talatin da ɗaya na ga kowa da idona. Ki buga, na karɓi taimakon da godiya. Abu ɗaya ne ban karɓa ba. Ba zan kai shi a matsayin aikina ba. Ki rubuta sunanki a ƙasan shafin ƙarshe.

Kawunki,
Sanda

Kaura Namoda, 4 ga Satumba, 2005

Kawu,

Assalamu alaikum. Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta takardarka sau uku, ban nuna wa kowa ba, kuma ba zan nuna ba.

Ga aikin nan, shafi tara, kwafi uku. Mutum tamanin da uku, na ƙirga sau biyu da rajistarka. Ban sami ko kuskure ɗaya a cikinta ba. Baban Halima ya ɗauki rajistar ya yi ta juyawa, ya ce bai taɓa ganin rubutun hannu irin wannan ba. Wahalar aikin kai ka riga ka sha ta, ni kwafa kawai na yi. Na sa sunana ƙanana a ƙasa tunda ka ce, amma ka sake tunani kafin ka je wurin Alhaji. Ina jin tsoron abin da zai biyo baya.

Muhsina

Zurmi, 19 ga Satumba, 2005

Ɗiyata Muhsina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. An fara yankan gero a wasu gonaki.

Na sake tunani kamar yadda kika ce, tunanin ya kawo ni wuri ɗaya. Kwana uku kafin taro na shiga wurin Alhaji Namadi, na ajiye masa shafukan, na gaya masa komai a tsaye. Bai ce in zauna ba. Ya daɗe yana duba takardun, sannan ya ce:

"Malam Sanda, da ka gaya mani tun watan farko, da na nemo maka mai bugawa. Amma ka bari na yi ta rubuta wa na sama da ni ƙarya da sa hannuna."

Da ya zage ni da ya fi sauƙi.

Ranar Alhamis munka je Shinkafi, ranar kasuwa, da ƙyar motarmu ta ratsa shanu. An karɓi sunayenmu duka, ba a mayar da ko ɗaya ba. Sai dai tunda mu ne na ƙarshe, takardun malamanmu ba za su fito ba sai rukuni na biyu, bayan babbar Sallah. Na sauran yankuna sun karɓi nasu tun Yuli. Wata shida na ci wa mutum tamanin da uku.

Jami'in da ke jagorantar taron ya tambayi dalilin jinkirin Zurmi, ya ce ya ji na'ura ce. Alhaji ya dube ni. Na tashi na ce na'ura ba ta da laifi, magatakarda ne bai iya ba kuma ya ɓoye, wadda ta buga sunanta na ƙasan shafi. Wani ya yi tari. Jami'in ya rubuta wani abu, ya ce a ci gaba.

Daga watan gobe zan koma aji. Kujerar za a ba wani da ya gama makaranta bana. Alhaji ya ce rajistar hannu ta zauna a ofis, ita za a riƙa dubawa in an yi gardama. Har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Jiya na hau mashin na je Dauran, don kar Malam Tsoho ya ji a bakin wani. Na same shi a rumfarsa, na jira ya sallami yara. Da na gama gaya masa gaskiyar, sai ya ce da na gaya masa ban iya ba, da bai kashe tayar kekensa biyu a hanya ba. Bai yi dariya ba, ni ma haka. Sannan ya sa anka kawo mani fura, ya tsaya a kaina sai da na sha.

Yanzu ga roƙona, kuma ya fi na farko nauyi a bakina. Shekarata hamsin da huɗu, ba kuma wani ofis da ke jirana. Amma takardar nan ta Gusau tana cikin akwatina tana cewa na iya. Ina son ko dai in ƙona ta, ko in mayar da ita gaskiya. Za ki koya mani?

Kawunki,
Sanda

Kaura Namoda, 22 ga Satumba, 2005

Kawu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, muna gaida Inna Mariya.

Kar ka ƙona komai. Ka zo ranar Asabar da ƙarfe tara, kafin mu buɗe wa jama'a, da duk Asabar bayanta har azumi ya kama. Baban Halima ya ware kwamfutar da ke kusa da taga, ita ce mai manyan haruffa. Ka zo da tabarau. Ka taho da Inna Mariya in gwiwarta ta yarda, ta zauna da Halima a cikin gida, ku ci abincin rana a nan.

Za mu fara da gogewa, shi ne darasin farko.

Sharaɗi ɗaya gare ni, kuma ina neman afuwa tun yanzu. In na tambaye ka ko ka gane, kar ka amsa mani da baki. Zan ja kujerata baya, ka yi in gani.

Ɗiyarka,
Muhsina